Tashi da Saukar Gudu a Hankali a Injin Lantarki

Wannan tsari ne da na'urar sarrafa gudun injin lantarki ke bi don kada inji ya zabura ko ya tsaya cak. Injin indakshan, wato injin da ke aiki da wutar AC irin ta layi, idan aka jona shi kai tsaye da layin wuta, yakan ja wuta ninki 5 zuwa 8 na wadda yake ci a aikinsa na kullum, zaburar kuma takan tsinka bel, ta ci haƙoran giya.

Tarihi

Da farko rizisto, wato abubuwan da ke rage wutar da ke wucewa, ake jerawa a gaban inji, ana cire su ɗaya bayan ɗaya da hannu yayin da gudu ke ƙaruwa. A 1891 Ba'amurke Harry Ward Leonard ya fito da tsarin da janareta ke ciyar da injin, ana ƙara masa bolt sannu a hankali, kuma an daɗe ana amfani da shi a lifta da ramukan haƙar ma'adinai. Haɗin sita-delta, inda ake tayar da inji da wani haɗin wayoyinsa sannan a sauya zuwa wani, ya rage wutar tashi zuwa kashi ɗaya cikin uku, sai dai ƙarfin murɗawa ma haka yake raguwa, kuma inji kan yi fizga lokacin sauyawa. Tairisto, wani makunnin lantarki marar motsi wanda kamfanin General Electric ya samar wajajen 1957, shi ya kawo tashi marar mataki. Inbata, na'urar da ke sarrafa gudun inji ta hanyar sauya saurin kaɗawar wuta (Hz), mai amfani da makunnin lantarki na IGBT, ta bazu daga shekarun 1980.

Saiti

A inbata ana saita daƙiƙun da inji zai ɗauka daga 0 zuwa cikakken gudu, misali 50 Hz, bolt na hawa tare da shi. In lokacin ya yi kaɗan ga nauyin kaya, wuta takan wuce iyaka, na'urar ta katse kanta. Lanƙwasa mai siffar S a yadda gudu ke hawa tana tausasa farkon tashi da ƙarshensa, shi ya sa aka fi son ta a lifta.

Saukar gudu

Nan aka fi samun matsala. Kaya mai nauyi, kamar babbar fanka, yakan ci gaba da juya injin har ya koma janareta, yana mayar da wuta cikin kafasita, wato ma'ajiyar wuta da ke cikin inbata. A inbatar bolt 400, kafasita kan zauna wajajen bolt 560, kuma na'urori da yawa suna katsewa kusa da 800. Maganin shi ne a tsawaita lokacin sauka, ko a sa rizistan birki da zai ƙone rarar ta zama zafi. A famfo, saukar hankali tana hana ruwa bugun bututu.

Akwai saɓani kan ko na'urar tashi a hankali tana rage cin wuta. A injin da ke ɗauke da cikakken kaya ragin bai taka kara ya karya ba.