Ƙari a ƙashin baya da dokar hana wariya a asibitocin Amurka

Idan ƙari ya fito a ƙashin baya ya fara danne laka, ba a jira. Ciwon baya ne ke farawa, mai tsananta da dare, sai ƙafafu su yi nauyi, sai riƙe fitsari ya gagara. Galibi sankarar daga wani wuri take yaɗowa, mama ko huhu ko gindin mafitsarar namiji. Wani gwaji da aka wallafa a 2005 ya nuna kashi 84 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tiyata sannan aka gasa wurin da na'urar haske mai ƙona sankara sun iya takawa bayan jinya, waɗanda aka yi wa gashi kaɗai kuwa kashi 57 ne. Wanda kuma aka makara har ƙafafunsa suka mutu, da wuya su dawo.

To a Amurka, bincike cikin kundin bayanan asibitoci ya sha nuna cewa baƙar fata mai wannan lalura ba ya samun tiyata kamar yadda farar fata ke samu, in ya samu ma ya fi gamuwa da matsala bayanta, ya fi daɗewa a gado. Ga shi kuma sankarar ɓargo mai cin ƙashin baya ta fi kama baƙaƙe da kusan ninki biyu. Ina doka take?

Dokoki biyu ne. Ta farko Babi na Shida na Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964, wadda shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu. Abin da ta ce gajere ne: duk hukumar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba ta da ikon nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa, launin fatarsa ko ƙasar asalinsa. Kafin ta, dokar gina asibitoci ta 1946 ta yarda a ware wa baƙaƙe nasu ɓangaren, sai a 1963 wani likitan haƙori, George Simkins, ya yi nasarar rushe wannan a kotun ɗaukaka ƙara, kan wasu asibitoci biyu na garin Greensboro (garin da yau 'yan Nijar suke da yawa a cikinsa). Amma kuɗi ne ya ƙarasa aikin. Da shirin Medicare na kula da lafiyar tsofaffi zai fara a Yulin 1966, aka ce asibitin da bai haɗe ɗakunansa ba ba zai ga ko sisi ba. Cikin 'yan watanni asibitoci sama da dubu suka sauke allunan wariya.

Ta biyu Sashe na 1557 na dokar inshorar lafiya ta 2010, wadda aka fi sani da Obamacare. Ita ta ƙara da jinsin mace ko namiji, shekaru da naƙasa, ta kuma haɗa da kamfanonin inshora. Ƙa'idojinta na 2024 sun taɓo har manhajoji da lissafin da likita ke dogaro da su wajen yanke shawara.

Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar niyya. A 2001, a shari'ar Alexander da Sandoval, wadda asalinta gardama ce kan jarrabawar lasisin tuƙi da jihar Alabama ta ce sai da Turanci, Kotun Ƙoli ta yanke da rinjayen alƙalai biyar kan huɗu cewa mutum ba zai kai ƙara da kansa a ƙarƙashin Babi na Shida ba sai in zai nuna da gangan aka ware shi. Idan tsari ne kawai yake cutar da wata ƙabila fiye da wata, ba tare da an kama kowa da niyya ba, to gwamnati ce kaɗai ke da ikon bin kadinsa. Kotuna da dama sun ɗora Sashe na 1557 kan wannan layin. A Afrilun 2025 kuma shugaba Trump ya umarci hukumomi su ja baya daga bin irin wannan bambancin.

A ganina nan dokar ta bar mai ƙarin laka a baya, don bambancin da yake gamuwa da shi ba ya zuwa da allo a ƙofa. Ya zo da ciwon baya, an ba shi ƙwaya ya koma gida. Hoton MRI da ya kamata a ɗauka yau ya zama sai wata mai zuwa. Babban asibitin da ke da likitan laka ba ya karɓar inshorarsa. Kowane mataki da hujjarsa, kuma babu likitan da zai rubuta a fayil cewa fata ya duba. Mai yiwuwa shi kansa bai sani ba: a wani bincike na Jami'ar Virginia a 2016, kusan rabin farar fatan ɗaliban likitanci da sababbin likitocin da aka tambaya sun yarda da aƙalla ƙarya ɗaya game da jikin baƙar fata, kamar cewa fatarsa ta fi kauri.

Duk da haka akwai abin da ke hannun majinyaci. Bahaushen da ke zaune a Bronx ko Greensboro, in Turancinsa bai kai ya fahimci bayanin tiyata ba, haƙƙinsa ne a ba shi ƙwararren tafinta kyauta. Ba a tilasta masa zuwa da nasa, ba a kuma sa ɗansa ƙarami ya yi fassara sai a halin gaggawa. Wanda ya ga an nuna masa bambanci zai iya rubuta koke ga ofishin kare haƙƙin jama'a na ma'aikatar lafiya ta tarayya, ta intanet ko ta wasiƙa, ba lauya ba kuɗi, kuma haramun ne asibiti ya rama a kansa. Wa'adin kwana 180 ne daga ranar da ya san abin ya faru. Tunda jinkiri ne ake son nunawa, mai jinya ya riƙa rubuta ranar da aka fara kai kukan, ranar da aka nemi hoto da ranar da aka ɗauka, ya kuma nemi kwafin fayil ɗin, doka ta ba majinyaci wannan ikon.