Mene ne sitirimin, kuma yana iya ɗaukar wasan ƙwallo a waya?

Sitirimin shi ne kallon bidiyo ko sauraron sauti ta intanet yayin da yake isowa, ba sai an sauke shi gaba ɗaya a waya ba. Mai saukewa kamar wanda ya cika randa ne kafin ya sha. Mai sitirimin a bakin famfo yake sha, ruwa na tsayawa shi ma ya tsaya. Idan abin da ake kallo yana faruwa a daidai lokacin, kamar wasan Firimiya ranar Asabar, shi ake ce wa kai tsaye.

Bidiyon ba a dunƙule yake zuwa ba. Kamfanin da ke watsawa yana yayyanka shi guntu-guntu, kowane guntu na 'yan daƙiƙoƙi, kuma yana ajiye kowanne a mataki daban-daban na kyawun hoto: 360p, 480p, 720p, 1080p. Waya ce ke duba ƙarfin sabis ta zaɓi wanda za ta iya ja. Shi ya sa hoto kan yi garau, can kuma ya dushe har lambar rigar ɗan wasa ta ɓace. Kamfanin Apple ya fito da irin wannan tsari mai suna HLS a 2009, kuma har yau ana amfani da shi sosai. Waya takan tara guntaye kaɗan a gaba don gudun yankewa. Idan tarin ya ƙare wani bai iso ba, sai ka ga da'irar nan tana juyawa a tsakiyar fuskar waya.

Wannan tarin ne ke sa mai waya ya riƙa zuwa a makare. Ba abin mamaki ba ne ya kasance daƙiƙa 30 a bayan mai kallo ta dish, har ya ji ihun gidan kallo kafin ƙwallon ta shiga raga a hannunsa. Ba laifin wayarsa ba ne, haka tsarin yake.

Ƙwallon ƙafa tana cikin abubuwan da suka fi wahalar watsawa. Dabarar matse bidiyo don ya rage cin data ta dogara ne da aiko abin da ya sauya daga hoto zuwa hoto kawai. Mai karanta labarai yana zaune, bangon bayansa ba ya motsi, don haka data kaɗan ta ishe shi. A fili kuwa kyamara na bin ƙwallo hagu da dama, ciyawa da 'yan kallo duk suna sauyawa lokaci guda. Ga shi ana son hotuna 50 ko 60 a daƙiƙa, alhali fim 24 yake ɗauka. Da sabis ya yi rauni, ƙwallon ce ke fara ɓacewa, saboda ita ce mafi ƙanƙanta kuma mafi sauri.

Sai lissafin aljihu. Da megabit ake auna saurin intanet: gudun megabit 1 a daƙiƙa yana cin kimanin MB 450 a awa. YouTube na ba da shawarar megabit 1.1 don 480p, 2.5 don 720p, 5 don 1080p. Wasa da hutun rabin lokaci kusan awa 2 ne, wato kamar GB 1 a 480p, sama da GB 2 a 720p, GB 4 da ɗoriya a 1080p. Tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne ga ɗalibi ko ɗan kasuwar tebur. A ganina 1080p a fuskar da ba ta kai inci 7 ba asara ce. 720p ta wadatar, 480p ma ana ganin wasa.

Cewa abin yana yiwuwa kuwa, an riga an gani. A Indiya, inda mafi yawan masu intanet ta waya suke shiga, mutum miliyan 59 ne suka kalli wasan ƙarshe na gasar kurket ta duniya a 2023 lokaci guda a manhajar Disney+ Hotstar. A Afirka ma kamfanin sitirimin na Showmax ya fito da tsarin Firimiya na waya kaɗai a 2024. Amma manya ma na tuntuɓe: damben Mike Tyson da Jake Paul a Netflix, a Nuwamban 2024, ya riƙa sarƙewa wa dubban masu kallo.

Abin da ya fi muhimmanci ba saurin da sabis ke kaiwa jefi-jefi ba ne, a'a, ya tsaya daram na awa 2. 4G mai ɗorewa ya fi 5G mai zuwa yana ɗaukewa. Da yamma, lokacin da unguwa duka ta hau turken sabis ɗaya, nan ake gane gaskiyarsa. Shafukan da ake rabawa a WhatsApp da sunan kallo kyauta kuwa, ina roƙon matasa su yi hattara da su: tallar caca ta cika su, suna mutuwa ana tsakiyar wasa, wasu kuma suna tura mutum ya sauke manhajar da za ta kwashe bayanan wayarsa.