Canadair Argonaut

Canadair C-4 Argonaut jirgin sama ne na fasinja mai farfela huɗu, wanda kamfanin Canadair ya ƙera a masana'antarsa da ke Cartierville, a gefen birnin Montreal na ƙasar Kanada. A gida ana kiransa North Star. Sunan Argonaut kuwa kamfanin jiragen saman Birtaniya, BOAC, ne ya raɗa wa guda 22 da ya saya. Jirgin ya fara tashi ranar 15 ga Yuli 1946, kuma guda 71 kacal aka ƙera. Duk da ƙarancinsu, sun yi sama da shekara ashirin suna aiki a nahiyoyi da dama, kuma a shekarun 1950 suna cikin jiragen da ke haɗa Kano da Landan.

Asali da ƙira

Jirgin haɗin gambiza ne, kuma da gangan aka yi shi haka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin gwamnatin Kanada, Trans-Canada Air Lines, na neman jirgin da zai riƙa tsallake Tekun Atlantika. Sai aka ɗauko ƙirar Douglas DC-4 na Amurka bisa lasisi, aka aro wasu sassa daga DC-6 kamar hanci da ƙafafun sauka, sannan aka cire injinan Amurka aka ɗora na Ingila, wato Rolls-Royce Merlin. Wannan inji mai silinda 12, wanda ruwa ke sanyaya shi, shi ne ya tuƙa jiragen yaƙi irin su Spitfire da Lancaster. Kowane ɗaya na ba da ƙarfin doki sama da 1,700, alhali na DC-4 bai wuce 1,450 ba. Faɗin jirgin daga ƙarshen fiffike zuwa ƙarshen fiffike ya kusa mita 36. Waɗanda aka ƙera don fasinja an yi musu ɗaki mai riƙe iska, ta yadda za su yi sama sosai ba tare da numfashi ya yi wa kowa wuya ba. Na sojoji ba su da wannan.

An samu gudu da iya hawa sama, amma an biya da kunne. Bututun hayaƙin injinan ciki yana fuskantar jikin jirgin ne, don haka rugugin Merlin kai-tsaye yake dukan tagogin fasinjoji, sa'o'i goma ko fiye. Ƙarar ta zama abin da aka fi sanin jirgin da shi. Daga baya injiniyoyin Trans-Canada suka ƙirƙiro bututun da ke karkatar da hayaƙin zuwa ɗaya gefen injin, ƙarar ta ragu, amma ba ta tafi ba. Inji ne da aka yi don yaƙi, inda ba a damu da tsawon ransa ba, saboda haka a shekarun farko kanikawa sun sha wahalar kula da shi kafin a gano lagonsa. Jirgi ɗaya tak aka ƙera da injinan kamfanin Pratt & Whitney na Amurka, aka kira shi C-5, aka ware shi don ɗaukar firaministan Kanada da manyan baƙi.

Aiki a Kanada

Trans-Canada ya fara jigila tsakanin Montreal da Landan a 1947 da jiragen da ya ara daga hannun sojoji, kafin nasa guda 20 su iso. Ya yi amfani da su har 1961. Kamfanin jiragen sama na Canadian Pacific ya sayi huɗu don hanyoyin Tekun Pasifik. Rundunar sojin saman Kanada kuwa ta fi kowa morar sa: a lokacin Yaƙin Koriya, runduna ta 426 ta yi sawu 599 na zuwa da dawowa tsakanin gaɓar yammacin Amurka da Japan, ta ɗauki mutum kimanin 13,000, ba tare da asarar rai ko ɗaya ba. Wanda ya san yanayin arewacin Pasifik, da hazo da ƙanƙararsa, zai san wannan ba ƙaramin abin yabo ba ne. Sojojin sun ajiye jirgin a ƙarshen 1965.

Manyan haɗurra biyu suka same shi a Kanada. Ranar 8 ga Afrilu 1954 wani ƙaramin jirgin koyon tuƙi na soja ya yi karo da North Star a sararin garin Moose Jaw, mutum 37 suka rasu. Ranar 9 ga Disamba 1956 wani ya daki Dutsen Slesse a lardin British Columbia cikin mummunan yanayi, duka mutum 62 da ke ciki suka mutu.

A hannun BOAC

Birtaniya ba ta so sayen jirgin waje ba. Burinta shi ne jirgin gida, Avro Tudor, amma ya kasa cika sharuɗɗan BOAC. Sayen na Amurka kuma sai da dala, ita kuwa ƙasar ta fito daga yaƙi aljihu wayam. A nan jirgin Kanada ya zama mafita: ƙasar Commonwealth ce ta ƙera shi, injinansa kuma na Ingila ne da za a biya da fam. Gwamnati ta amince da cinikin a 1948, Canadair ya miƙa duka 22 cikin 1949, tun kafin wa'adin da aka ɗiba. Kowane jirgi an ba shi suna mai farawa da harafin A, kamar Ajax, Argo, Aurora da Atalanta. Da farko kujeru 40 ne a ciki, daga baya aka ƙara zuwa 54 don masu tikitin rangwame.

Aikinsu na farko shi ne hanyar Landan zuwa Hong Kong a watan Agusta 1949. Daga nan suka bazu zuwa Gabas ta Tsakiya, Kudancin Amurka da Afirka. Da jirgin BOAC mai suna Comet, mai injin jet, ya fara tarwatsewa a sama aka dakatar da shi a 1954, waɗannan masu farfelan da ake wa kallon tsohon yayi su suka taimaka wajen toshe giɓin. A ganin mai wannan rubutu, nan ne darajar Argonaut take: ba shi ne abin alfaharin kamfanin ba, amma shi ake samu a bakin aiki idan abin alfaharin ya kwanta.

Tafiyarsa da ta fi shahara ita ce ta 1952. Ranar 31 ga Janairu, Atalanta ya ɗauki Gimbiya Elizabeth da mijinta daga Landan zuwa Kenya, mahaifinta Sarki George na Shida ya rako su har filin jirgi. Sarkin ya rasu ranar 6 ga Fabrairu. Wani ƙaramin jirgi ya kai ta Entebbe a Uganda, daga can Atalanta ya ɗauko ta, ya sha mai a El Adem ta ƙasar Libiya, ya sauke ta a Landan ranar 7 ga wata tana Sarauniya.

Hanyar Kano

Jirgi mai farfela na wancan zamani ba ya iya zuwa Legas daga Landan a tashi ɗaya. Sai ya yada zango a Turabulus ta Libiya, ya tsallake Sahara, ya sauka Kano ya sha mai, sannan ya wuce kudu. Wannan ne ya sa filin jirgin Kano ya zama mashigar Afirka ta Yamma. Argonaut ya gaji wannan hanya daga jirgin Handley Page Hermes, kuma a kanta BOAC ya rasa guda biyu cikin wata tara.

Na farko ya faɗi ranar 21 ga Satumba 1955 a filin jirgin Idris na Turabulus, yana kan hanyarsa ta zuwa Kano da Legas. Iska mai ƙarfi ce ta taso, ba a gani sosai. A yunƙurin sauka na huɗu jirgin ya daki itatuwa, mutum 15 cikin 47 suka rasu.

Na biyu a Kano ya auku, ranar Lahadi 24 ga Yuni 1956, da shigowar damina. Jirgin mai suna Argo ya zo daga Legas, zai wuce Turabulus da Landan ɗauke da fasinjoji 38 da ma'aikata 7. Ya tashi da yamma, bayan ƙarfe biyar, hadari na haɗuwa a kusa. Bai yi nisa da ƙasa ba ya shiga ruwa kamar da bakin ƙwarya, gudunsa ya faɗi nan take, ya fara yin ƙasa duk da matuƙin ya ba injinan cikakkiyar wuta. Ya daki itace kimanin mil ɗaya da rabi daga ƙarshen titin jirgi, ya kama da wuta. Mutum 32 suka rasu, 13 suka tsira.

Kwamitin bincike ya gano cewa jirgin ya faɗa cikin wani ƙullin hadari ne wanda ba a iya hango shi ba, inda iska ta juya farat ɗaya. Yadda abin yake shi ne: iska mai sanyi takan zubo daga cikin gajimare zuwa ƙasa da ƙarfi, ta watsu ta kowane ɓangare. Jirgin da ya shiga cikinta zai fara cin karo da iska ta gaba mai ɗaga shi, bayan 'yan daƙiƙoƙi ta danna shi ƙasa, sannan ta koma ta bayansa, fikafikan su rasa abin da ke riƙe su. A 1956 ba a fahimci wannan sosai ba. Sai a shekarun 1970 masanin yanayi Ted Fujita na Jami'ar Chicago ya fayyace shi, kuma a yau ana lissafa haɗarin Kano cikin misalan farko da aka rubuta na irin wannan iska.

Bayan BOAC

BOAC ya sallami Argonaut na ƙarshe a 1960, jiragen suka watsu hannun masu sayen na hannu. East African Airways ya yi amfani da su tun daga 1957, wasu suka tafi Aden Airways, wasu rundunar sojin saman Rhodesia, wasu kuma ƙananan kamfanonin shata a Ingila, waɗanda suka cusa musu kujeru kusan ninki biyu na asali don kai masu yawon hutu bakin teku.

Ɗaya daga cikinsu, tsohon Aurora, yana hannun British Midland lokacin da ya faɗi a tsakiyar garin Stockport ranar 4 ga Yuni 1967, yana dawowa daga Palma ta ƙasar Sifen zuwa Manchester. Mutum 72 cikin 84 suka mutu. Babu wanda ya rasu a ƙasa. Injinan biyu na fiffiken dama ne suka mutu don rashin mai, alhali akwai mai a jirgin. Bincike ya nuna cewa famfunan da ke raba mai tsakanin tankuna ba sa rufuwa ruf idan maɗaurinsu ya ɗan goce, kuma an sa maɗauran a wurin da matuƙi ba ya iya gani ko kaiwa da sauƙi. Ta haka mai ya riƙa silalewa daga wani tanki zuwa wani har ya ƙare ba a sani ba. Abin takaici shi ne, wasu masu amfani da irin jirgin sun taɓa lura da matsalar shekaru kafin nan, amma labarin bai kai ga waɗanda suka saye shi daga baya ba. Binciken ya kuma nuna cewa wasu fasinjojin sun tsira daga faɗuwar, amma kujeru suka karye suka danne musu ƙafafu, wuta ta cim musu. British Midland ya daina amfani da Argonaut jim kaɗan bayan haka.

Daga cikin 71 ɗin, wanda ya rage cikakke shi ne tsohon jirgin sojin Kanada mai lamba 17515, da ke gidan tarihin jiragen sama na Ottawa, inda 'yan sa-kai suka shafe shekaru suna gyara shi.