Wai me ake nufi da parasait ne?

Kalmar nan ta parasait ta ishe ni kwanan nan. A siyasa kowa ya ji haushin wani sai ya ce masa parasait, a rediyo ma haka, yanzu kuma ta shigo cikinmu masu ajiye kifin kwalliya a akwatin gilas, kifi ya ƙi cin abinci kwana ɗaya an ce parasait, ya lafe a ƙasa an ce parasait. Wani maƙwabcina a Unguwar Rimi har kafso na ampiclox ya fasa ya juye wa golfish ɗinsa wai zai kashe parasait, haba malam.

Asalin kalmar daga Girkanci ne, parasitos, wato wanda ke zama gefen akushin wani yana ci. Cima-zaune kenan. Halitta ce da ke rayuwa a jikin wata tana ci daga jikinta, kamar kaska a jikin saniya ko kauci a kan bishiya. Abin dariya ma shi ne zagin da 'yan siyasa ke yi ya fi kusa da asalin ma'anar fiye da yadda mu muke amfani da ita. A wajen likitocin dabbobi bakteriya ajinsu daban, kuma su ne ampiclox ke kashewa, ba parasait ba.

Wanda ya fi damun kifin kwalliya shi ne ik, farin ɗigo-ɗigon nan da za ka gani a jiki da fiffike kamar an barbaɗa gishiri. Ɗigon da kake gani ƙwaron yana ƙarƙashin fata ne, magani ba ya kai masa. Sai ya ƙoshi ya faɗo ƙasan tanki ya rufe kansa ya rarrabu zuwa ɗaruruwa, sannan 'ya'yan su fito suna iyo suna neman kifi, in ba su samu ba cikin kamar kwana 2 su mutu. A wannan lokacin kaɗai magani ke cin su. Shi ya sa wanda ya zuba magani sau ɗaya ya ga ɗigo ya ɓace ya ce shikenan, bayan sati sai ya ga abin ya dawo ninki. Kuma da hunturu, Disamba zuwa Janairu da sanyin Kaduna ke sauka da asuba, ruwa na yin sanyi, kifi na raunana, zagayen ƙwaron kuma yana daɗa tsawo, dole maganin ma ya daɗe.

Amma susa kaɗai ba hujja ba ce. Kifi na goga jikinsa a dutse in akwai kulorin na ruwan famfo, ko amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci, ta taru saboda abinci ya yi yawa kuma an ɗauke wuta filta ta tsaya. Ka fara gwada ruwan, ka canza kashi ɗaya cikin uku, ka zuba ido kwana biyu. In ka ga ɗigon yana ƙaruwa, ko ƙwarƙwatar kifi a manne, ko wani zare ya kafe a jiki, to lallai a yi magani, kuma kowanne da nasa. Ik ana masa gishiri ko wani koren magani da ake kira malakayit girin, shi kuma koren maganin yana wahalar da kifi marar ɓawo irin dangin tarwaɗa. Tsutsar wajen numfashi kuwa praziquantel ake ba ta, maganin nan dai na tsargiya.

Shi maƙwabcin nawa da na je na duba, ɗigon a marfin gefen kai ne kawai da fiffiken gaba, a jere tsaf. Namijin golfish ne ya kai lokacin barbara, haka suke fitar da shi. Lafiyarsa ƙalau kafin a zuba masa kafso.