Sabuwar Dokar Haraji: Abin da Ta Taɓa a Aljihun Bakatsine da Abin da Ta Bari

Tun da sabuwar dokar haraji ta fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2026, maganarta ba ta bar bakin mutane ba. A teburin mai shayi a Ƙofar Ƙaura za ka ji ana cewa duk kuɗin da ya shiga asusunka na banki gwamnati za ta yanki nata. A majalisar dare a Daura wani zai rantse maka har gado za a raba da hukuma. Cibiyoyin nazarin tattalin arziki irin su NESG da CPPE ta Dokta Muda Yusuf sun yi sharhi kan gyaran, amma daga Legas suke rubutu, da Turanci, kuma a ganina hankalinsu ya fi karkata ga kamfanoni da masu zuba jari. Abin da ke isowa nan guntu-guntu ne, jita-jita ta cike sauran.

Dokoki huɗu ne Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a ranar 26 ga Yunin 2025, bayan aikin kwamitin da Taiwo Oyedele ya jagoranta. Ɗaya ta tattara harajoji wuri guda, ɗaya ta tsara yadda za a karɓa, ɗaya ta mayar da hukumar tara harajin tarayya, wato FIRS, zuwa NRS, ta huɗu ta kafa hukumar haɗin gwiwa tsakanin tarayya da jihohi.

Mu fara da mai albashi. Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara ba haraji a kansu, ko sisi. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 a wata an ɗauke masa gaba ɗaya. Daga nan sai a hau mataki-mataki: miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kashi 18, har a kai kashi 25 kan abin da ya haura miliyan 50. Inda mutane ke ruɗewa shi ne suna zaton da zarar ka haura 800,000 sai a caje ka kan duka. A'a, rarar kawai ake lissafawa. Ɗauki malamar sakandare a Dutsin-Ma wadda bayan an cire kuɗin fansho samunta na shekara ya tsaya a Naira 1,500,000. A ware 800,000, saura 700,000. Kashi 15 na wannan shi ne 105,000 a shekara, wato 8,750 a wata. Kuma wannan kuɗi asusun jihar Katsina yake shiga, ba Abuja ba.

Akwai rangwamen haya: kashi 20 na kuɗin hayar shekara, amma kada ya wuce Naira 500,000. Idan malamar nan tana biyan hayar 300,000, za a cire mata 60,000 daga abin da ake lissafa haraji a kai, ta tsira da 9,000. Sai dai wannan rangwame ya maye gurbin tsohon rangwamen da kowane ma'aikaci ke samu ko yana haya ko ba ya yi. A Legas da Abuja, inda yawancin ma'aikata 'yan haya ne, canjin ya zauna daidai. A nan, inda ma'aikaci da yawa ke zaune a sashensa cikin gidan gado ko gidan da ya gina bulo-bulo, ba abin da zai nema a nan. Wanda ke haya kuma sai ya nuna shaida, alhali mu mun saba biyan mai gida hannu da hannu a zaure. Daga yau a riƙa karɓar rasit.

Ɗan kasuwa riba ake caza, ba jari ba, ba kuma duk cinikin da ya ratsa hannunsa ba. Mai shagon atamfa a babbar kasuwar Katsina da miliyoyi ke shiga da fita a asusunsa, abin da ya rage bayan ya biya kaya da haya da yaran shago shi ne abin lissafi. Amma in ba shi da littafi, doka ta ba hukuma damar ta yi masa ƙiyasi, kuma mai ƙiyasi ba ya ganin bashin da aka ci maka. Tura kuɗi ta banki ba a mayar da shi samu ba. Naira 50 da ake cirewa kan tura 10,000 ko fiye tana nan, sai dai yanzu mai turawa ke biya. Gado ma, bayan ƙorafin malamai, majalisa ta gyara wurin da ya jawo fargaba: dukiyar gadon kanta ba haraji, amma in gidan da aka gada ana karɓar haya a kai, hayar samu ce.

Harajin VAT, wanda ake ɗorawa kan kuɗin kaya da hidimar da mutum ya saya, yana nan a kashi 7.5, ƙarin da aka so yi da farko bai wuce majalisa ba. Kayan abinci na yau da kullum, magani, littattafan makaranta da taki ba a ɗora musu.

Babban abin da ya shafi Katsina, wanda kuma ba a cika tattaunawa a majalisunmu ba, shi ne rabon wannan VAT ɗin. A da tarayya na ɗaukar kashi 15, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35. Yanzu tarayya ta koma 10, jihohi 55. Wannan ci gaba ne gare mu. Amma yadda jihohi ke rabawa tsakaninsu ma ya canza. A da rabi ana raba shi daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, kashi 20 bisa inda aka tara kuɗin. Ƙudirin farko ya so a kai wannan na ƙarshen kashi 60, shi ne gwamnonin Arewa da sarakuna suka yi watsi da shi a taronsu na Kaduna a watan Oktoban 2024. Daga baya aka daidaita kan 50 daidai wa daida, 20 yawan jama'a, 30 bisa inda aka yi amfani da kaya.

Duba abin da hakan ke nufi. Katsina na cikin jihohin da suka fi yawan mutane, da ƙananan hukumomi 34, don haka rage kason yawan jama'a daga 30 zuwa 20 ragi ne a gare mu. Abin da zai cike giɓin shi ne sabuwar ƙa'idar inda aka ci kaya. A da, in ka saka katin waya a Mai'aduwa, harajin yakan hau lissafin Legas domin can hedikwatar kamfanin take. Yanzu doka ta ce kamfani ya bayyana inda aka yi amfani da abin, sai a rubuta wa Katsina. Amfanin ya rataya ne kan ko kamfanonin waya da bankuna da masu siminti za su rubuta gaskiya, da kuma ko jihar na da mai bin diddigi. A tuna kuma yawancin abin da talakanmu ke saya gero ne da masara da wake, waɗanda ba VAT a kansu. Cin kayanmu mai haraji ba zai kai na Legas ko Ribas ba. Wannan lissafi ya kamata masana tattalin arziki a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta tarayya da ke Dutsin-Ma su riƙa yi duk wata bayan rabon Abuja, su faɗa mana da Hausa ko an ci riba ko an faɗi. Cibiyar da ke Legas ba za ta yi mana ba.

Kuɗin kasuwa, kuɗin tasha da tikitin da ake yanka wa mai motar hatsi a hanya, na jiha ne da ƙananan hukumomi, waɗannan dokoki huɗu ba su shafe su kai tsaye ba. Su ne kuma suka fi cin mai ƙaramin jari, kuma gyaransu yana hannun majalisar dokokin jiha. Wanda yake ganin hukumar haraji ta zalunce shi, dokar ta kafa ofishin karɓar koken masu biyan haraji, kuma kai ƙara can ba a biyan kuɗi.