Daga Gidan Yari Zuwa Gidan Gyaran Hali: Waiwaye Kan Sakaya Zance

A cikin motar haya daga Lugbe, wata mata ta tambayi dattijuwar da ke kusa da ita labarin ɗanta. Ta gyara mayafi ta ce, "Yana can wajen Kuje, sai addu'a." Ba wanda ya ƙara tofawa. Kuje gari ne mai kasuwa da gonaki, amma kowa a motar ya san ba noma ne ya kai yaron ba, don a can gidan yarin Abuja yake. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma tona wa kanta asiri ba.

Sakaya zance ya daɗe a bakin Bahaushe, kuma tsoro da kunya ne suka haife shi. Tsoro ne ya hana kakanninmu ambaton maciji da dare, sai dai igiyar ƙasa, kada a kira shi ya amsa. Aljanu suka zama mutanen ɓoye. Kunya kuwa gonarta ta fi faɗi: mace ba ta kama sunan mijinta, uwa ba ta kiran ɗan fari, yaron da ya ci sunan kakansa ya tashi da Abba har ya yi furfura. Mai ciki tana da juna biyu, in ta haihu ta sauka. Akuya ce ke mutuwa, mutum rasuwa yake yi. Musulunci ya ƙara wa abin armashi da "ya riga mu gidan gaskiya" da "tana fashin salla" da "kama ruwa".

Sai dai kalmar sakayawa kamar zane ce, tana koɗewa. Bayan gida asalinsa wuri ne, can bayan katanga. Yau ya zama sunan abin da ake gudun faɗa, shi ya sa baƙo ke cewa zai ɗan zagaya. Ni a ganina ko gidan yari ma lulluɓi ne: Yari shi ne mai riƙon 'yan sarƙa a ƙarƙashin sarki, sai aka kira wurin da sunan mai gidan, aka huta da cewa kurkuku.

Duk waɗannan ba wanda ya zauna ya tsara su. Sauyin ya zo ne da kalma ta fara fitowa daga ofis. Bayan an bayyana ɓullar cutar AIDS a Nijeriya a 1986, jama'a suka laƙaba mata ƙanjamau, wato mai ƙanjame mutum. Suna ne mai dukan zuciya, ya kuma kori mutane da yawa daga zuwa gwaji. Gidajen rediyo suka koma "cuta mai karya garkuwar jiki", sannan a 2017 ayarin masana harshe da likitoci ƙarƙashin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan suka ba da shawarar "karya-garkuwa" a matsayin sunan ƙwayar cutar, wato HIV. Wannan gyara ne mai dalili, don suna na iya hana mutum neman magani. Haka naƙasassu suka koma masu buƙata ta musamman, musamman bayan Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya a watan Janairun 2019.

A watan Agustan shekarar ce kuma aka sauya sunan hukumar gidajen yari, muka wayi gari da gidan gyaran hali. Sunan ya yi daɗi a baki. Amma mafi yawan waɗanda ke ciki jiran shari'a suke yi, ba a ma tabbatar halinsu na buƙatar gyara ba. Da aka fasa na Kuje a watan Yulin 2022, a majalisun shayi na Nyanya da Mararaba "an fasa gidan yari" kawai ake cewa.

Nan ne nake ganin an raba hanya. Dattijuwar nan mutuncin ɗanta take karewa. Shi kuwa mai cewa "an daidaita farashin mai", ko ma'aikacin da ya riƙe takardarka yana jiran "na goro", kansa yake karewa. Goro abin girmamawa ne, da shi ake neman aure, ga shi an mai da shi mayafin cin hanci.

Tsohon tsoron ma bai tafi ba. A watan Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda. Amma ka zauna da wanda ya gudo daga ƙauyen Zamfara yake tura baro a kasuwar Dei-Dei, ka tambaye shi abin da ya raba shi da gida. Sai ya waiga tukuna, ya rage murya, ya ce, "Mutanen daji ne, Malam."