Ruwan fari da sulɓin kwalta: kira ga direbobin Damagaram

Mu ma'aikatan lafiya, idan hadari ya haɗo a gabas muna murna kamar kowa, amma muna kuma shirya bandeji da allurar ɗinki. Daga Yuni zuwa Satumba masu karaya da masu rauni a kai ba sa yanke mana, kuma in ka tambayi direba sai ya ce: "Wallahi na taka birki, motar ce ta ƙi ji." Gaskiya ya faɗa. Ga dalilin da ya sa ta ƙi ji.

Duk girman mota, abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu ba. Zanen da ke jikin taya kuwa magudanai ne, aikinsu su kore ruwa gefe domin roba ta kama kwalta. Idan gudu ya yi yawa, ko zanen ya cinye, ruwan ba ya samun hanyar fita, sai ya shiga tsakanin taya da kwalta ya ɗaga ta. A wannan lokaci motar kan ruwa take tafiya kamar kwalekwale. Sitiyari zai yi sakayau a hannunka, birki kuma ba shi da abin kamawa.

Ruwan fari ya fi kowane haɗari. Wata takwas kwalta tana shan baƙin mai da gas da ke ɗiga daga manyan motoci, ga ƙura da rairayin da iska ta kwaso. Yayyafin farko ba ya wanke su, kwaɓa su yake yi, hanya ta koma kamar an shafa mata miyar kuɓewa. Masu bin hanyar Takeita, Mirriya, Magariya ko Tanut, ku riƙe wannan. 'Yan kabu-kabu kuwa abin ya fi shafar ku, tunda taya biyu gare ku, kuma ba ƙarfen da ya kare jikinku. Ku sa hular kwano don Allah.

Malam direba, duba tayarka yau. Cikin ramin zanen akwai ɗan tudu da kamfani ya sa a kan milimita 1.6. In zanen ya yi daidai da shi, tayar ta gama aiki. Na san taya da tsada, amma jinyar ƙashin cinya ta fi ta tsada nesa ba kusa ba.

A jiƙaƙƙiyar hanya, nisan da mota ke ci kafin ta tsaya yakan ninka na busasshiya. Saboda haka rage wuta, ƙara tazara tsakaninka da na gaba, kunna fitila ko da rana ce. In ka ji mota ta fara yawo, kada ka danne birki da ƙarfi, kada ka fizgi sitiyari. Ɗaga ƙafa daga totur a hankali, riƙe ta a miƙe har tayoyi su sake kama ƙasa.

Sai maganar ƙorama. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 yana iya tafiya da ƙaramar mota, kuma ba ka ganin ramin da ya haƙa a ƙarƙashi. Ko fasinja sun matsa maka, tsaya ka jira ya janye. In kuma hatsari ya auku, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18, kada a ɗaga wanda ke kukan wuya ko baya kafin su iso.